Amsoshin Wasiƙunku: "Muffle", Salansa da Kashe Murya

Malam, ina fassara wani labari sai na ci karo da kalmar Ingilishi muffle. In ce "kashe sauti"? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Kada ki soma. Abin da aka kashe ya mutu, ba a ƙara jin sa. A nan kuwa sautin yana nan da ransa, lulluɓe shi kawai aka yi. Ki tuna yaron da aka yi wa faɗa, ya shige ɗaki ya cusa fuska cikin matashi yana kuka. Daga tsakar gida kina jiyo shi, amma kukan ya yi nauyi, kaifinsa ya tafi. To, wannan ke nan.

Asalin kalmar ma daga tufafi yake. A Faransanci, moufle safar hannu ce mai kauri. Da ta shiga Ingilishi, ma'anarta ta farko naɗe mutum ne ko rufe masa fuska, sai daga baya ta gangaro kan sauti. Shi ya sa har gobe muffler sunan ƙyallen da Turawa suke naɗawa a wuya ne lokacin sanyi. Kuma suna yi wa sauti wannan naɗi da gangan: a jana'izar soja akan rufe ganga da ƙyalle, sannan da Sarauniya Elizabeth ta mutu a 2022, majami'un Ingila sun ɗaura fata a jikin ƙarfen da ke dukan ƙararrawa don amonta ya fito a dakushe.

Mu ba mu da kalma guda da ta tattare duk wannan, kuma ba talauci ba ne. Ki duba abin da ya faru a jimlar. In hannu aka sa, an toshe masa baki. In shi ya riƙe kansa, ya danne kuka ko dariya. In daga bayan ƙofa ne, ana jiyo muryoyi ƙasa-ƙasa.

Abu ɗaya na roƙe ki: ki nisanci "kashe murya". Na taɓa jin wani mai fassara ya ce ɓarayi sun ɗaure maigadi, shi kuma yana ta kashe murya yana neman taimako. Haba! Kashe murya ai aikin budurwa ne a zance, ko yaro mai son a ƙara masa kuɗin makaranta. Maigadin da aka cusa wa tsumma a baki ina ya ga ta yanga? Haka "muryarsa ta dushe", wannan mura ce ko yawan ihu, daga maƙogwaro abin ya taso.

"Kurum ma magana ce" da "shiru ma amsa ce", akwai bambanci?

Babu wani na a zo a gani. Na farkon ya fi daɗin baki.

Malam, salansa Hausa ce? Daga wani bakanike a Kaduna.

Ta zama Hausa, kamar yadda sitiyari da birki suka zama. Daga silencer ta Turancin Ingila muka aro ta, wato mai sa shiru. Amurkawa kuwa muffler suke ce wa wannan tukunya ta ƙarƙashin mota, ka ga mun dawo kan tambayar ɗalibarmu. Da Amurka ce ta mulke mu, da wataƙila wani sunan kake kira a gareji yau. A ganina ma sunan nasu ya fi gaskiya, don ba a taɓa yin salansar da ta sa inji shiru ba. Hayaƙi take bi da shi ta ɗakuna da ƙananan huji har ƙarar ta yi laushi.

Mu kuma mun faɗaɗa ta, duk bututun hayaƙin salansa ne a bakinmu. Har ta kai yaran unguwarmu suna farke cikinta su hau babur bayan isha'i, maƙwabta na cewa "ƙarar salansa ta hana mu barci". Mai sa shiru ce ta hana barci, kuma ba wanda ya ji jimlar ta yi masa banbaraƙwai.

Raɗa da gunaguni fa?

Raɗa kana so mutum ɗaya ya ji. Gunaguni kana so a ji, amma kada a ce kai ka faɗa.