Takardar kayan gyara kake rainawa?

Ka tambaye ni don me nake tsare ku a kan takarda, alhali ga kaya sabo fil a akwati, jirgi kuma yana jira. Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurara.

Lokacin ina aikin gyaran Mi-17, jirgi mai saukar ungulu ƙirar Rasha, wani ɗan kwangila ya kawo mana giyabos na farfelar wutsiya, wai daga gyaran kamfani ya fito. Ka san kayan Rasha kowanne da fasfonsa yake zuwa, inda ake rubuta awannin da ya yi a sama. Fenti na sheƙi, hatimi tsaf, amma lambar da aka buga jikin ƙarfen ta saɓa da ta fasfon. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya yi dariya, ya ce kuskuren magatakarda ne, ya zagaya ta wajen manya, aka ɗaura ba da yawuna ba. Ba a jima ba muka zare toshen maganaɗisu, wanda ke kama garin ƙarfe a cikin man giyabos, sai ga garin ƙarfe ya manne masa baƙi ƙirin, har da ɓarɓashin da kake ji yana sukar yatsa. Ashe tsoho ne da ya cinye awanninsa, aka wanke da kananzir aka fesa masa fenti. Jirgin ya kwanta, daidai lokacin da yaranmu na runduna ta musamman ke daji da masu rauni suna jiran ɗauka. Mota aka tura, ta hanyar da kowa ya san ana kwanton ɓauna. Shi kuwa ɗan kwangilar ya karɓi kuɗinsa cif. Har yau in na hango shi a sahun gaba ran Juma'a, raina sai ya ɓaci.

Kuma nan Sakkwato ce. A watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, iska ta yi sakayau, injin sai ya yi da gaske kafin ya ɗaga kaya. Hunturu ya zo, ƙura ta riƙa cin bakin farfela. Ga saukar dare cikin yashi, matuƙi ba ya ganin ƙasa sosai. A nan za ka jarraba ƙarfen da ba ka san tarihinsa ba?

Ɗaura wayar kulle mai hana noti kwancewa da ƙirga sifanu kafin a rufe murfi, wanda sai an koya masa wannan ya koma gyaran babur. Ku yaran yanzu, hoto da kaki a gaban jirgi kuka iya.

Tashi ka ɗauko fasfon, ka karanto mini lambar ɗaya bayan ɗaya.