Tambayi Likita: Ciwon Damuwar Da Ya Ƙi Jin Magani Ga Tsofaffi

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta haura shekara 70. Tun rasuwar babanmu ta daina cin abinci, ba biki ba suna, da asuba sai mu tarar da ita tana kuka. An canza mata magani sau biyu, shiru kake ji. Me ya rage? (Daga wata baiwar Allah, Zariya)

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, 'yar'uwa. Ba ma cewa ciwon damuwa ya gagara sai an gwada magani kala biyu, kowanne a cikakken adadinsa na mako shida zuwa takwas. Sau da yawa in na zazzage ledar magungunan da aka kawo mini, sai in ga rabin katin kawai aka ɓalle. Fara duba wannan. A kuma auna jininta a duba aikin tayirod (wata gaɓa ce a maƙogwaro) da bitamin B12, don matsalarsu kan zo da kamannin damuwa.

In duk wannan lafiya, da sauran dabara. A 2023 an fitar da sakamakon binciken OPTIMUM da aka yi a Amurka da Kanada kan masu shekara 60 zuwa sama da damuwarsu ta ƙi jin magani. Waɗanda aka ƙara wa wani magani mai suna aripiprazole a kan maganinsu na da, kusan 29 cikin ɗari sun warware. Waɗanda aka sauya musu zuwa wani maganin damuwa mai suna bupropion kuwa, 19 cikin ɗari. Wannan hukuncin likitan ƙwaƙwalwa ne, don Allah kada a saya a kemis.

Tambaya: Kakana ya fara mantuwa tare da damuwar. Gigin tsufa ne? (Daga wani matashi, Maraɗi)

Amsa: Ba lallai ba ne, ɗana. Mai damuwa in ka tambaye shi ranar yau, sai ya ce "ban sani ba" don ba shi da kuzarin tunawa, kuma mantuwar kan ragu idan ya samu sauƙi. Amma abin da ke hana ni barci shi ne jinkiri. Damuwar da ta daɗe ba magani tana tafiya da ƙanƙancewar sashen ƙwaƙwalwa mai adana abubuwa, kuma kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa ta cikin abubuwa 14 masu ƙara haɗarin gigin tsufa da za a iya magancewa. A kula da hawan jininsa da sukari. In maganin damuwa mai suna amitriptyline yake sha, a sanar da likita, don yana rikita tsofaffi.

Tambaya: An ce za a yi wa Baba maganin lantarki, mun tsorata. (Daga Kaduna)

Amsa: Na fahimci tsoronku. Ana ratsa ɗan lantarki ne a ƙwaƙwalwa bayan allurar barci, Baba ba zai ji komai ba, kuma yana cikin mafi ƙarfin magani ga tsohon da ya daina ci da sha. Mantuwa takan biyo baya, galibi ta washe cikin makonni. In kun ji yana fatan mutuwa, ku kai shi asibiti a ranar.