Ciyawar da ake ce wa "kama walkinka"

Tambaya: Malam, kakata tana kiran wata 'yar ciyawa "kama walkinka", wadda da an taɓa ta sai ta naɗe ganyenta. Daga ina sunan ya fito, kuma da gaske kunya take ji?

Amsa: Allah ya ƙara wa kaka lafiya, da irinsu sunayen nan suke rayuwa. Walki shi ne fatar da maza suke ɗaurawa a ƙugu a da, musamman manoma da maƙera. "Kama walkinka" kuwa na nufin yi maza ka suturta jikinka. A wasu wuraren "rufe rumbu" ake ce mata. Dukansu umarni ne, domin Bahaushe ya lura tsiron nan yana amsawa nan take, sai ya yi masa magana kamar mai ji.

Amma ba kunya ba ce. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan ruwan ne ma da kansa yake aikin. A gindin kowane ɗan ganye akwai wata 'yar gaɓa mai kumburi, cike da ƙwayoyin halitta da suka sha ruwa suka yi tam, kamar salkar da aka cika. Su suke riƙe ganyen a buɗe. Da ka taɓa shi, sai saƙon lantarki ya bi jikin tsiron ya isa gaɓar. Ƙwayoyin ɓangare ɗaya su saki gishirin da ke cikinsu, wato fotasiyam da kuloraid, ruwa ya biyo gishirin waje, su saɓule. Na ɗaya ɓangaren suna nan a cike, sai su tura ganyen ya rufe, duk cikin daƙiƙu kaɗan. Buɗewa ce take ɗaukar mintuna, don sai ƙwayoyin sun sake janyo gishirin kafin ruwa ya dawo.

To, me tsiron yake samu? A 2022 masana a Jami'ar Saitama ta Japan sun gwada wani tsiro mai wannan hali, mimosa, ɗan asalin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Da suka hana ganyensa motsi, sai fara ta fi cin sa. Ke nan naɗewar kariya ce daga ƙwari.

Ka koma wurin kaka ka tambaye ta ko akwai abin da yara suke faɗa idan za su taɓa ta, ka rubuto mana.