Allon da kake son mu buga a ƙofar shago

Ɗana Haruna, saƙonka ya same ni a Mai Wurno, nan Sudan, bayan sallar isha'i. Na ji daɗi da ka ce shago lafiya, kuma buhunan karkade, wato soɓorodo, sun iso Gadarif ba tare da ruwa ya taɓa su ba. Allah ya yi maka albarka. Sai tambayarka. Ka ce wani a layinmu ya buga allo ya rubuta cewa bincike ya tabbatar ƙaro yana warkar da ciwon ƙoda, karkade kuma yana kashe hawan jini, har ciniki ya fara komawa wajensa. Kana neman izini mu ma mu buga namu, tunda ka duba a waya ka ga binciken akwai shi da gaske.

Ban ba da izini ba. Amma kai ba yaron aike ba ne yanzu, sana'a kake koyo, don haka dole in faɗa maka dalili.

Binciken akwai shi, gaskiyarka. Yayarka da ta karanta haɗa magunguna a Jami'ar Jazira ta sha zaunar da ni ta karanta mini waɗannan takardu tana fassarawa, ni kuma ina tsayar da ita ina tambaya har sai na gane. Abin da na fahimta shi ne masu bincike ma'auna ne kamar mu. Idan mutum ya tsaya gaban teburinka ya ce "ba ni hulba", ba ka ɗaukar buhu ka miƙa masa. Kana tambayarsa ta nawa, wa zai sha, me ke damunsa. Su ma haka aikinsu yake: wa aka ba, nawa aka ba shi, kwana nawa ya yi yana sha, me aka gani bayan nan. Wanda ya ɗauki kalmar "bincike" ya jefar da awon, ya sayar da buhu ne babu kaya a ciki.

Mu fara da karkade, soɓorodonmu na gida. A shekarar 2010 aka fitar da sakamakon wani gwaji da Jami'ar Tufts ta Amurka ta yi a kan mutum 65. Duk cikinsu jininsu ya ɗan hau ne kawai, kuma babu mai shan maganin hawan jini na asibiti. An raba su gida biyu. Wasu suna shan kofi uku na karkade kullum, wasu kuma ana ba su wani abin sha mai kama da shi wanda babu karkade a ciki, har mako shida. Da aka auna, lambar sama ta awon jinin masu shan karkade ta sauka da kamar 7, ta sauran kuma da ɗaya da ɗoriya. Wannan abin farin ciki ne, ni kaina na yi murna ranar da na ji. Amma ka dubi lambar da kyau. Mutumin da jininsa yake 135, saukar 7 ta taimake shi. Dattijon da ya zo maka kansa na sarawa, awonsa 190, idan ka cire 7 saura nawa? Har yanzu yana bakin rami. Idan ya karanta allonka ya ajiye ƙwayarsa ya koma karkade, ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, wa za a tambaya gaban Allah?

Kuma ka tuna yadda mutanenmu ke haɗa shi. A jarka ɗaya sai a zuba sukari kamar za a yi alewa. Mai ciwon suga ya sha wannan da sunan magani, ya gyara ɗaki ne ya rushe katanga.

Akwai wani bincike na nan gida da nake so ka riƙe fiye da na Amurka, don ba kowa ke son faɗinsa ba. A 1994 masana a Sudan suka gwada shan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta kulorokwin tare da karkade, da ruwan tsamiya, da lemon tsami. Suka tarar abubuwan nan uku suna rage yawan maganin da ke shiga jini ƙwarai. Ka ga, abin da muke ba mai zazzaɓi don ya ji sanyi a maƙoshi, shi ne yake tare wa maganinsa hanya. Yanzu an daina dogara da kulorokwin, amma darasin bai tsufa ba. Shi ya sa kake jin ina ce wa mutane su haɗiyi ƙwayar asibiti da ruwa zalla, su bar karkade sai an jima. Wannan ma bincike ne ya nuna shi. Ka taɓa ganin wanda ya rubuta shi a allo?

Yanzu ƙaro, wanda nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Babu ƙasar da ta kai Sudan fitar da shi, daga dazukan Kurdufan zuwa kasuwar Al-Ubayyid, ya bi ta Fot Sudan ya tafi duniya, a zuba shi a lemon kwalba da alewa da ƙwayoyin magani. Duk kwalin da ka ga an rubuta E414 a jikinsa, ƙaro ne a ciki. Arzikinmu ne, kuma malaman Jami'ar Khartum sun yi aiki a kansa da gaske. A 2012 sun fitar da gwajin da suka yi da mata 120 masu lafiya, rabinsu suna shan giram 30 kullum har mako shida, rabi kuma ana ba su wani abu dabam don a kwatanta. Masu shan ƙaro sun ɗan rage ƙiba da kitse. Wasunsu sun yi kukan kumburin ciki, da tashin zuciya, da gudawa a farkon sha. Ka riƙe wannan na biyun, domin ranar da mace ta dawo ta ce ƙaronka ya ɓata mata ciki, ka san abin da za ka faɗa mata, kuma ka san dalilin da ya sa nake cewa a fara da ƙaramin cokali a riƙa ƙarawa a hankali.

A 2015 kuma sun ba masu sikila 47 giram 30 kullum na mako goma sha biyu, suka ga wani nau'in jini da jarirai ke zuwa da shi, wanda ke sassauta cutar, ya ɗan ƙaru. Yayarka ta nuna mini wani abu a nan da ban taɓa lura da shi ba. A wannan gwajin duka 47 ɗin sun sha ƙaro, babu wani rukuni da aka ajiye gefe don a gwama. Ko a kasuwa, wanda ya ce maka hashab ɗinsa, wato ƙaron ɗakwara, ya fi kyau, sai ka ajiye wani kusa da shi kafin ka yarda. Irin wannan gwaji yana buɗe ƙofa ne don a ƙara dubawa. Uwar da ɗanta ke kwana yana kuka da ciwon ƙashi ba ta cancanci a ce mata an gama magana ba.

To, ƙoda fa? Ga yadda abin yake aiki. Ƙaro ba ya narkewa a ciki kamar tuwo. Yana wucewa har babban hanji, inda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke cin sa su yi yawa. Suna cikin haka sai su ja wani kaso na dattin da ƙoda ta kasa tacewa, wanda a nan ake kira bolina, ya fita ta bayan gida. Shi ya sa wani mai ciwon ƙoda zai sha ƙaro, ya je awo, ya ga lambar bolina ta ɗan sauka. Sauƙi ne, kuma ba na raina shi. Amma ƙodar tana nan yadda take. Kamar gidan da magudanarsa ta toshe ne, aka samu mai kwasar ruwa da bokiti: tsakar gida za ta ɗan sarara, magudana kuwa ba ta buɗe ba. Wanda ke zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, idan ya ga kalmar "warkarwa" a ƙofarmu, ga wahalar layi, ga tsadar mota, me kake tsammani zai yi? Irin waɗannan ma, tsamiya da garin kuka da muke ganin ba komai ba ne suna iya cutar da su, saboda yawan sinadarin fotashiyam da ƙodarsu ba ta iya fitarwa. Kada ka auna musu sai sun tambayi likitansu.

Ka fi ni sanin su wa ke tsayawa gaban teburin nan tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Mutanen Khartum da na Madani da suka baro gidajensu da kayan jikinsu, wani takardar asibitinsa ma ta ɓata a hanya, maganin da ya shekara goma yana sha ya yanke. Mutum a wannan hali ko igiyar rama ka miƙa masa zai kama ya ce sarƙa ce. A da idan mai shago ya yi ƙari a yabon kayansa, akwai likita kusa da zai gyara ɓarnar. Yanzu sau da yawa kalmarka ce ta ƙarshe da zai ji kafin ya koma inda yake fakewa.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labarinsa ba. Tun kafin a kawo ka wurina, wata baiwar Allah takan zo duk mako ta sayi filasko, sanamakkan nan. Ina aunawa, ina karɓar kuɗi, ban taɓa tambayarta me take yi da shi ba. Ashe kullum take sha wai don ta rame. Bayan wasu watanni mijinta ya zo ya ce tana asibiti, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, zuciya tana bugawa ba daidai ba, likita ya ce yawan gudawa ya ƙwaƙule mata gishirin jiki. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ni har yau idan na buɗe buhun filasko sai na tuna fuskar mutumin nan. Ganye ne mai albarka, ya zo a hadisi, kuma har kantin maganin asibiti ana sayar da ƙwayar da aka yi da shi. Sai dai na kwana kaɗan ne, ga wanda cikinsa ya ɗaure. Tun ranar na sa wa kaina dokar tambaya. Idan ka ga ina jan mai saye da hira har kana ƙosawa, wannan ce nake gudu.

Kada ka ɗauka ina ƙin masu bincike ko ina tsoron za su kashe mana sana'a. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a asibitocinmu yau daga ganye ya fito. Wata masaniya 'yar Sin mai suna Tu Youyou ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, har ta tarar da inda wani malami na ƙarni na huɗu ya rubuta cewa a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha. Daga nan ta gane zafin tafasawa ne ke lalata ƙarfinsa, ta sauya hanyar tatsa, suka fitar da sinadarin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ilimin tsofaffi ne ya nuna hanya, awo kuma ya kai ta gida. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa dafa ganyen a sha a madadin ƙwayar ba, domin ƙarfinsa yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma maganin da bai kai awo ba yana koya wa ƙwayar cuta taurin kai.

Wannan ya kawo ni kan abin da yake hannunka kai tsaye. Takardar bincike tana magana ne a kan kayan da aka gwada, tsaftatacce, sanannen iri, aunanne. Ba ta san buhunka ba. Idan ƙaronka hashab ne na ɗakwara da aka cakuɗa da talha, ƙaron wani itace dabam, ko aka niƙa shi da ɓawon itace da yashi, ko karkadenka ya sha raɓa ya yi fumfuna a ƙasan buhu, to babu jami'ar da ta yi maka shaida. Hashab na ƙwarai dunƙulalle ne mai haske da tauri, talha kuwa ya fi duhu kuma yana saurin marmashewa. Shi ya sa ba na sayen garin ƙaro daga hannun wanda ban sani ba. Ka sayi ɗanyensa, ka tsince, ka kai niƙa da kanka kana tsaye.

Idan allo kake so, na yarda ka buga, amma ga abin da za a rubuta: sunan kaya, inda ya fito, da farashi. A ƙasa ka sa layi ɗaya da Hausa da Larabci, cewa mai shan maganin asibiti, da mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda su faɗa mana kafin mu auna. Wanda ya tambaye ka batun bincike, ka faɗa masa da baki yadda na faɗa maka, da lambobinsa, har da kumburin cikin. Cinikin da ya koma can kada ya hana ka barci, kuma kada in ji ka aibata mutumin a gaban masu saye. Idan na dawo zan je in same shi mu yi magana tsakaninmu.

Kafin nan, ka ɗaga sababbin buhunan karkade a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Ka zazzage na ƙarshen nan da ke lungu ka shinshina, idan ka ji warin gumi ka ware shi gefe kada ka sayar ko awo ɗaya. Dattijon nan mai zuwa ran Alhamis sayen karkade, ka tambaye shi ko ya samu ƙwayar hawan jininsa. Idan bai samu ba, ka ɗauki kuɗin a aljihun tebur ka raka shi kantin magani, ka rubuta a littafi da sunana. Ka gaida mahaifiyarka. Ina nan tafe ran Asabar in Allah ya yarda.