Amsa: Me ya sa wani agogon da ba shi da batir yakan fi mota tsada?

Malam, ka ce wayarka ta fi irin waɗannan agoguna faɗin lokaci daidai, to me ake biya? Ka yi gaskiya. Ko agogon da ya samu shaidar COSC, hukumar gwajin daidaiton agogo ta Suwizalan, an yarda masa ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko ya wuce da daƙiƙa 6 a rana. Dabara da aikin hannun da ke ciki su ne kuɗin.

Ɗauki tourbillon, wata dabara a cikin injin agogo. Breguet, wani maƙerin agogo, ya yi masa rajista a 1801. Ya sa sashen da ke sarrafa bugun agogon cikin ɗan keji mai juyawa, galibi sau ɗaya a minti, don kada nauyi ya riƙa rinjayarsa gefe guda. Don agogon aljihu aka ƙirƙiro shi, mai yini a tsaye. A hannu amfaninsa kaɗan ne, amma wallahi in ka ga kejin nan yana juyawa, da ƙyar za ka ɗauke ido.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne mai kalandar dindindin. Da haƙoran ƙarfe kawai ya san watan 30 da na 31, ya san shekarar da Fabrairu ke kai 29, ba ya buƙatar gyaran kwanan wata sai 2100.

Zane ma da nasa. Agogon Royal Oak na kamfanin Audemars Piguet, wanda Gérald Genta ya zana, ya fito a 1972 da baƙin ƙarfe, ba zinariya ba, kuma aka saye shi da tsada.

In za ka saya a nan Abuja, nemi takardunsa tukuna. Kuma kada ka bari a buɗe shi a bakin titi lokacin hunturu, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata tafiyarsa.