Abin da ya sa itanol ruwa ne, ɗan'uwansa kuma iska

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce sinadaran itanol da daimetil ita (dimethyl ether) duk C2H6O ne, wato kabon biyu, haidurojin shida da oksijin ɗaya, to me ya sa ɗaya yake zaune a kwalba, ɗayan kuma iska ne? Na daɗe ina koyar da kemistiri a sakandare a nan Zariya, kuma babu shekarar da wannan gaɓar ba ta kayar mini da yara.

Sai ki ga yaro ya rubuta wai idan abu ya tafasa, ƙullin kabon da haidurojin ne ya tsinke. Ina! Kowace ƙwayar sinadari da jikinta cikakke take tashi. Abin da zafi ke rabawa shi ne riƙon da ke tsakaninta da maƙwabciyarta. Kamar kasuwar Sabon Gari ce idan ta watse: kowa ya kama gabansa, amma ba wanda ya bar hannunsa a rumfa.

A jikin itanol akwai haidurojin da ke manne da oksijin. Shi oksijin mai haɗama ne, yana janye ilektoron zuwa wajensa, sai haidurojin ɗin ya miƙa ya kama oksijin na ƙwayar da ke kusa. Wannan shi ake kira haɗin haidurojin, kuma shi ya sa itanol sai ya kai digiri 78 yake tafasa. A daimetil ita kuwa oksijin yana tsakanin kabon biyu, babu haidurojin a kansa, don haka tun wajen digiri 24 ƙasa da sifili ya riga ya tashi. Ki duba giliserin da kuke zubawa a man shafawa da hunturu. Hannu uku yake da su na irin wannan riƙon, shi ya sa yake da yauƙi, kuma sai wajen digiri 290 zai tafasa.

Waɗanda ba su da oksijin ma suna riƙe juna, sai dai riƙon sako-sako ne. Ana ce masa ƙarfin Landan, ba don birnin ba, sunan Fritz London ne, wanda ya bayyana shi a 1930. Yana ƙaruwa da tsawon sarƙar kabon. Gas ɗin girki gajere ne, sai an matse shi a tukunya. Fetur ya ɗan fi tsawo, amma bar galan a buɗe ki ga yadda zai gudu. Kananzir ya fi shi haƙuri, kyandir kuwa ya daskare ɗungurungum.

Siffa ma tana da ta cewa. Sinadarin fentan miƙaƙƙe yana tafasa a digiri 36, ɗan'uwansa niyofentan mai dunƙulallen jiki a wajen 10, alhali yawan kabon da haidurojin ɗinsu ɗaya ne. Haka man shanu da man gyaɗa: sarƙoƙin man shanu galibi miƙaƙƙu ne, suna kwanciya jikin juna kamar kara a dami, na man gyaɗa kuma da yawa sun lanƙwashe, shi ya sa man shanu yake daskarewa, man gyaɗa kuma yake zama ruwa.

Idan kin shiga ɗakin gwaji, ki ɗiga asiton (ruwan goge fentin farce) da itanol da ruwa a kan gilashi, ki ga wanda zai riga bushewa. Kada kuma ki zargi ma'aunin zafi idan ruwa ya tafasa a wajen 98. Zariya a kan tudu take, kuma a kan tudu ruwa kan tafasa kafin ya kai digiri 100.