Ɗana ba ya son littafi sai doki, ya zan yi da shi?

Tambaya: Anti salamu alaikum. Ɗana shekararsa 9, duk hawan sallah sai ya bi dawakai har ya ɓace mana, amma ki miƙa masa littafi sai ya fara hamma. Malaminsu ya ce in nemo masa labaran dawakai, wai a ƙasashen Turawa irin su sun sa yara karatu har sun ceci dawakai. Da gaske ne ko lallashina yake?
Maman yara, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yara. Malamin nan bai yi miki ƙarya ba. A Ingila wata mata Anna Sewell ta fitar da littafin Black Beauty a 1877, kuma dokin ne da bakinsa yake ba da labarin wahalar da ya sha a hannun mutane, har da wata igiya da ake ɗaure kan dokin da ke jan keken doki da ita ya tsaya sama don ƙawa, wuya na ciwo ba halin sunkuyawa. Littafin na cikin abin da ya sa mutane suka tsani igiyar nan. Ita ko Anna watanni kaɗan bayan fitowarsa ta rasu.

Amma wanda ya fi taɓa min zuciya na Amurka ne. A 1950 wata sakatariya a jihar Nevada, Velma Johnston, ta biyo bayan wata babbar mota tana ɗigar jini a titi, ashe dawakan daji ne aka kamo aka cusa za a kai su mayanka a yi abincin karnuka. Daga ranar ba ta huta ba. A 1966 Marguerite Henry ta rubuta labarinta don yara, Mustang, Wild Spirit of the West, yaran makaranta suka karanta kuma ba su tsaya nan ba, suka dinga rubuta wasiƙu ga 'yan majalisa kamar ruwan sama, a 1971 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar kare dawakai da jakunan daji a filayen gwamnati. Yaran da suka zauna rubuta wasiƙun nan ai karatu da rubutu suke yi ba su sani ba, don abin ya dame su ne.

To kar ki raba shi da dokin. Littattafan da Turanci suke, ki dinga karanta masa shafi biyu da daddare kina fassarawa, ki tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, gobe shi zai ɗauko miki. Ranar Asabar babansa ya kai shi bargar wani mai doki a unguwa da ɗan littafin rubutu, ya rubuto me dokin ya ci, harawa ce ko dusa, an ba shi kanwa? Ya duba bakinsa ko linzami ya ji masa ciwo, ya tambayi mai kula da shi me ake shafa masa.